Masu Awon Ƙasa da Ruwa a Kumasi: Abin da Aikinsu Ya Tsinana wa Lambunanmu da Inda Ya Gaza

A 'yan shekarun nan an samu ƙananan kamfanoni a Kumasi waɗanda matasa masu ilimin aikin gona suka kafa. Sana'arsu ita ce su zo gona su auna ƙasa da ruwa, sa'an nan su tsara wa manomi yadda zai riƙe ƙasarsa da takinsa kada ruwan sama ya kwashe su. Ƙungiyarmu ta masu lambu, wadda mafi yawan mambobinta mazauna zangunan Tafo da Asawase da Aboabo ne, ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni aiki, kuma tun da littafin ƙungiya a hannuna yake, duk takardunsu ta wurina suka bi. Ba zan ambaci sunansu ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi, ƙorafin kuwa mun riga mun kai musu shi baki da baki. A ganina aikin ya ci kuɗinsa matuƙar ƙungiya ce ta haɗu ta biya, kuma babban dalilina shi ne sun raba mana tsakanin ruwa biyu da muka daɗe muna yi wa kallon abu guda, wato ruwan da ke gudu a bisa ƙasa ya faɗa ƙorama da ruwan da ke nutsewa ya taru a rijiya.

Lambunanmu suna kan gangare a arewa maso yammacin birni, a gefen wata ƙorama da ruwanta ke malala wajen madatsar ruwa ta Owabi. Muna noma latas da kabeji da albasa mai ganye da ayoyo da alayyahu, a saman tudun kuma wasu suna sa masara da rogo. Ban ruwa da garwa ake yi, ɗaya a kowane hannu, daga ƙoramar ko daga ƙananan rijiyoyin da aka haƙa a bakinta, waɗanda zurfinsu bai wuce tsayin mutum biyu ba. A da ma'aikatanmu suna sha daga waɗannan rijiyoyi, kuma gidajen da suka matso kusa da mu suna da nasu rijiyoyin a kan ruwan ƙasa guda. Madatsar Owabi tun 1928 take ba Kumasi ruwa, kafin a gina ta Barekese a kan kogin Offin, wadda a yau ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin famfunan birnin. Dajin Owabi yana cikin jerin dausayin Ramsar, wato dausayin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ke kiyayewa, tun 1988, kuma shi kaɗai ne a Ghana wanda ba a bakin teku yake ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar lakar da ke cike madatsar, masu lambu suna cikin waɗanda ake fara nuna wa yatsa, mu kuwa filin da muke nomawa ba namu ba ne. Tsoron kora da tsadar taki su ne suka sa muka nemi wanda zai auna ya faɗa mana gaskiyar abin da ke fita daga gonakinmu.

Zuwansu na farko ya burge ni, domin ba su iso da shawara a aljihu ba. Su uku ne, shugabarsu mace ce, kuma sun fara da bin gangaren da ƙafa tun daga gonakin masara har bakin ruwa, suna tsayawa a duk inda zaizaya ta yi ƙaramin kwazazzabo. Sun tambayi kowa buhu nawa na takin zamani yake zubawa, daga wace gonar kaji yake sayo kashi, yana barinsa ya ruɓe ko ɗanye yake watsawa, a ina yake wanke injin feshi, kuma salga mafi kusa tana ina. Ƙasa sun ɗebe ta da wani ƙarfe mai murɗawa daga wurare da yawa a kowane yanki, ta sama daban ta ƙasa daban. Wajen ɗiban ruwa na tsaya kusa na gani da idona. Saurayin da ke aikin ya sa safar hannu, bai buɗe kwalbar ba sai da ya kai ta bakin rijiya, bai bar murfin ya taɓa ƙasa ba, ya rubuta lamba da lokaci a jikinta, ya tura ta cikin akwatin ƙanƙara, ya ce dole ta isa ɗakin gwaji a ranar, in ba haka ba lissafin ƙwayoyin cuta zai canza. A gefe guda ya tsoma wata siririyar takarda ta gwajin sinadarin taki a cikin ruwan, muka jira minti guda, bakinta ya rine ya koma ruwan hoda mai duhu. Ya bayyana mana cewa wannan takarda kimantawa kawai take yi, tabbaci sai daga ɗakin gwaji. Mai son burge abokin ciniki da ya tsaya a kan launin takardar, saboda haka wannan taka-tsantsan ya ƙara mini yarda da su.

Abin da ya jawo hankalin mambobi shi ne gwajin da suka yi a kan fangali biyu masu gangare ɗaya. Ɗaya suka bar shi tsirara kamar yadda muka saba, ɗaya suka rufe da busasshen ganyen ayaba da karan masara, suka kafa ɗan kwano a ƙarshen kowanne, suka zuba wa kowanne ruwa daidai wa daida daga garwa. Fangalin da ke tsirara bai jima ba ya fara tsiyaya, ruwan da ya taru a kwanonsa jajawur ne, da aka juye shi a kwalba laka ta kwanta a gindi. Ɗayan kuwa ya daɗe kafin ya saki komai, abin da ya fito kaɗan ne kuma kusan garau. Kowa ya yi na'am, har wasu suka fara cewa ai magana ta ƙare.

Shugabar tasu ce ta dakatar da mu, ta tambaya ina sauran ruwan fangali na biyu ya tafi. Amsar ita ce ya nutse, kuma daga nan ta shiga bayanin da nake ganin shi ne ƙashin bayan duk aikinsu. Sinadaran taki ba hanya ɗaya suke bi ba. Fosforas yana manne wa ƙwayar ƙasa, saboda haka galibi tare da laka yake tafiya, idan kuma ya isa ruwan da ke kwance shi ke ciyar da gansakuka da kainuwa har su rufe fuskar ruwa. Naitirojin kuwa, da zarar ƙwayoyin halittar ƙasa sun mai da shi nitiret, narkewa yake yi ɗungum, ƙasa ba ta riƙe shi, duk inda ruwa ya bi nan yake bi. Rufe ƙasa da ciyawa da barin kaftu suna hana zaizaya, suna ƙara tana da gara waɗanda ke huda ramuka, ruwa ya riƙa shiga ƙasa da sauri, wannan kuwa alheri ne ga rijiya ta fuskar yawan ruwa. Amma idan manomi ya rufe ƙasarsa ya ci gaba da zuba takin da ya fi ƙarfin shukarsa, rarar da a da take gudu zuwa ƙorama yanzu za ta gangara ta cikin waɗannan ramuka ta sami ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ƙorama za ta washe a ido, rijiya kuma ta ƙara lalacewa ba tare da kowa ya gani ba, domin nitiret ba shi da launi ba shi da wari. A yankin Kumasi, inda ruwan sama ke kai kimanin milimita 1,400 a shekara cikin damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ga kuma ban ruwa safe da yamma a kan fangali, ruwan da ke ratsa ƙasa ba kaɗan ba ne.

Ta kawo misali daga Amurka, wanda daga baya na bincika na tabbatar da shi. A watan Agustan 2014 an hana kimanin mutum 400,000 na birnin Toledo a jihar Ohayo shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar gansakukar da ta mamaye tafkin Erie. Manoman kwarin kogin Maumee da ke zuba a tafkin sun daɗe da rage kaftu, laka ta ragu ƙwarai, amma narkakken fosforas ya riƙa ƙaruwa tun tsakiyar shekarun 1990, kuma cikin dalilan da masana suka bayar akwai watsa taki a bisa ƙasar da ba a juyawa, da bututun tsane ruwa da ke binne a gonakinsu. Gonakinsu ba irin namu ba ne, amma darasin ya shafe mu, domin ya nuna cewa dabarar da ta toshe hanya ɗaya tana iya buɗe wata idan ba a kula da takin kansa ba. Ban taɓa jin wani mai tallar noman kiyaye ƙasa ya faɗi aibin hajarsa a gaban masu saye kamar haka ba.

Da sakamakon ya fito, rijiyoyin da ke tsakiyar fangalai sun haura iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, wato miligiram 50 na nitiret a kowace lita, ta saman tudu kuwa tana ƙasa da haka sosai. Sun gargaɗe mu musamman game da jariran da ba su kai wata shida ba, waɗanda ake dama wa madara da ruwan rijiya, domin nitiret mai yawa yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iskar numfashi har leɓɓansu su yi shuɗi-shuɗi. Sun kuma ja kunnenmu cewa tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire nitiret, hasali ma tururin da ya tashi yana barin sinadarin ya ƙara kauri a abin da ya rage, haka nan alif laka kawai yake kwantarwa. An sami ƙwayoyin cutar bayan gida a ƙoramar da kuma rijiyoyin bakinta, alhali ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. A nan ma sun yi adalci, suka ce awonsu ba zai iya raba tsakanin nitiret ɗin da ya fito daga taki da wanda ya fito daga salgar gidajen da ke sama da mu ba, saboda haka ba za su ɗora mana laifin duka ba, ba kuma za su wanke mu ba. Tun daga ranar ƙungiya ta haramta shan ruwan rijiyoyin tsakiya, aka koma kawo ruwan sha daga gida.

Sashen da ya fi mayar mana da kuɗinmu shi ne lissafin taki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, buhun takin NPK 15-15-15 kuma kilo 7.5, wannan a rubuce yake a jikin buhu ga mai karantawa. Abin da babu wanda ke lissafawa a cikinmu shi ne kashin kaji. A Kumasi kashin kaji gauraye da garin katako shi ne takin masu lambu, ana zuba shi a kowane zagaye na latas, latas kuwa wata guda da 'yan kwanaki bayan dashe an cire shi, sai a sake zubawa, sa'an nan a bi da yuriya domin ganye ya yi kore shar. Sun nuna mana cewa a Turai, tun dokar nitiret ta 1991, an ƙayyade naitirojin na takin dabbobi a kan kilo 170 a hekta a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, kuma da suka kimanta abin da wasunmu ke zubawa sai ya zarce haka nesa ba kusa ba. Sun ƙara da wani lissafi da ya ba kowa mamaki, cewa ruwan ban ruwa da ke da miligiram 50 na nitiret a lita yana ɗauke da kusan giram 11 na naitirojin a kowace lita 1,000, ma'ana wanda ke ɗiba daga rijiyar tsakiya yana yi wa shukarsa taki a kowace garwa. Shawararsu ita ce a rage yuriya, a raba ta kashi-kashi, a binne ta kusa da saiwa maimakon watsawa, kuma kada a zuba idan hadari ya haɗo. Kashin kaji kuma a tara shi a sama, nesa da rijiya, a rufe shi da leda ko ganye, a riƙa juyawa har ya ɗauki zafi ya ruɓe kafin ya hau fangali. A da tsibin kashin a bakin rijiya muke ajiye shi domin sauƙin jiƙawa, kowane ruwan sama yana wanke baƙin ruwansa zuwa ciki. Waɗanda suka bi lissafin ba su ga raguwa a amfaninsu ba, kuɗin taki kuwa ya ragu a fili. Ya kamata a sani cewa kamfanin ba ya sayar da taki ko magani, kuma ina ganin wannan ne ya ba su bakin cewa a rage.

A kan gangaren sun koya mana fitar da layin da ke gicciye da shi ta amfani da katako uku da aka haɗa da igiya da dutse mai lilo, suka sa aka dasa jema a jere, tushe kusa da tushe. Irin da suka kawo ba ya yaɗuwa ta 'ya'ya, saiwarsa tana nutsewa ƙasa a miƙe, kuma da ya haɗe sai ya riƙa tsayar da laka ya bar ruwa ya tsiyaya a hankali. Bayan damina guda mutum zai iya sa hannu a bayan layin ya ji tudun ƙasa mai laushi da ta taru, wadda a da ƙorama za ta ci. Masu masara an ba su shawarar su daina ƙone saura, su sare su bar shi ya ruɓe a wurin, abin da Asantawa suka gada suke kira proka, su kuma shuka mukuna bayan girbi domin ta rufe ƙasa ta danne ciyawa. Sun faɗa mana a fili cewa mukuna dangin wake ce, tana ƙara wa ƙasa naitirojin, saboda haka duk wanda ya shuka ta dole ya rage takin masarar da za ta biyo baya. Ga mai son ganin irin wannan noma a gonar da ta daɗe a kansa, sun tura mu cibiyar noma ba kaftu da Dakta Kofi Boa ya kafa a Amanchia, wajen Nkawie, kuma waɗanda suka je sun dawo da gamsuwa.

Zuwa ƙarshen damina ta gaba ruwan da ke fita daga ɓangarenmu bayan ruwan sama ya rage ja, fangalan ƙasa sun daina rushewa, ƙasa kuma tana riƙe laima har wasu suka rage yawan ban ruwa. Rijiyoyin kuwa da aka sake aunawa, saukar da suka yi kaɗan ce. Wani dattijo cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar bai ji daɗi ba, ya ce an sa shi ya rage taki ya sadaukar da fangali, ga shi har yanzu ba ya iya shan ruwan rijiyarsa. Shugabar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, abin da aka zuba shekara da shekaru yana nan a cikin ƙasa yana gangarowa a hankali, wanda muka hana shiga bana sai gaba za a ga amfaninsa." Ta tuna masa cewa tun farko sun rubuta wannan a takarda, kuma gaskiyarta ce, domin na duba na gani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar hawainiya yake yi, a wasu wuraren yakan ɗauki shekaru, a wasu gomman shekaru, kafin canjin da aka yi a sama ya bayyana a ƙasa. Duk kamfanin da ya yi alkawarin tsabtace rijiya cikin damina ɗaya, ya kamata a yi hattara da shi.

Ƙorafina na farko, kuma mafi girma, shi ne tsarinsu an yi shi ne domin mai gonar kansa. Sun kawo mana manufar ƙasa ta 2011 a kan barin fili a bakin ruwa, wadda ta ba da shawarar mita 10 zuwa 20 a gefen ƙananan ƙoramu masu gudu duk shekara, da mita 60 zuwa 90 a kewayen madatsun ruwan birane, suka zana mana mita goma a taswira suka ce a bar wa ciyawa da itatuwa. Babu mai musun amfanin hakan, domin saiwoyi suna riƙe gaɓa, ciyawa tana tace laka, jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin ruwa kuma tana iya mai da wani ɓangare na nitiret iska ya tashi. Sai dai akwai mambobin da duk lambunsu bai wuce faɗin nan ba, kuma su ne mafi talauci a cikinmu. Sauran kuma aro muke yi daga iyalan da ke da filin, ba takarda, ranar da mai gini ya zo da kuɗi sai mu tashi. Cewa irin wannan mutum ya dasa itacen da sai bayan shekara biyar zai yi inuwa, ba tare da an zauna da masu ƙasa an sami wani tabbaci ba, shawara ce da ba za ta zauna ba. Mu da kanmu muka sasanta, muka bar siririn layi na jema da gamba a bakin ruwa, muka yanka wa waɗanda suka rasa fangali wani wuri a sama. Na so a ce kamfanin ya ɗauki wannan sulhu da tattaunawa da masu ƙasa a matsayin ɓangaren aikinsa tun farko.

Na biyu shi ne maganin feshi. Noma ba kaftu a nan yawanci da maganin ciyawa yake tafiya, wanda manoma ke kira kondem, kuma tsarin da suka ba masu masara ya dogara da shi a shekarar farko. Amma a cikin awon ruwan da muka biya babu gwajin ragowar magani ko ɗaya. Da na tambaya suka ce yana da tsada kuma sai an aika Accra, abin da ya kamata su faɗa kafin a sa hannu. Wannan giɓi ne babba ga masu lambu, domin kabeji ba ya yiwuwa a nan sai da feshin ƙwari akai-akai, kuma magunguna ba halinsu ɗaya ba a cikin ƙasa. Gilaifoset yana manne wa ƙasa, ya fi tafiya da laka, atirazin kuwa yana bin ruwa ya nutse, shi ya sa Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004 saboda yawan samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sun dai hana wanke injin feshi a ƙorama, sun sa an ware wurin haɗa magani nesa da rijiya, amma a kan abin da ya riga ya shiga ruwan ba su ba mu komai ba.

Rahoton nasu ma yana da gyara. Da Turanci aka rubuta shi, bayanin baki kuma da Turanci da Tonanci, harshen masu ƙasa, alhali akwai dattawa da ma'aikata 'yan arewa a cikinmu waɗanda sai da Hausa suke fahimta sosai, saboda haka fassarar ta dawo kaina. Ya kuma makara har lokacin zuba takin farko ya wuce. Mafi haɗari shi ne wani shafi ya ba da lissafin nitiret gaba ɗayansa, wani shafin kuma ya ba da na naitirojin ɗin da ke cikinsa kaɗai, ba tare da bayani ba. Tsakanin ma'aunan biyu akwai ninki 4.4, shi ya sa iyakar Amurka ta miligiram 10 take kusan daidai da miligiram 44 a ɗaya ma'aunin. Mutumin da ya ga 12 a takarda zai ɗauka yana nesa da 50, alhali idan a ma'auni na biyu aka rubuta ya riga ya haura. Sun gyara shafin da muka nuna musu, sun kuma ba da haƙuri. Shawarar rufe fangalin latas da ciyawa ma ba ta yi daidai da damina ba, domin dodon koɗi ya samu maɓoya a ƙarƙashinta, sai muka mai da ita ta rani kawai, da damina kuma a rufe hanyoyin da ke tsakanin fangalai.

Akwai kuma iyakar da ba laifinsu ba ce gaba ɗaya, amma ya kamata mai biya ya san da ita. Ƙorama ta kowa ce da ke cikin kwarinta. Sama da mu akwai kwatocin unguwanni da wuraren wankin mota da filayen da aka share domin gini, kuma bayan babban ruwa jan da ke saukowa daga can ya ninka duk abin da muka hana fita. A wasu sassan kogin Offin haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamse, ta mai da ruwa kunu, abin da babu layin jema da zai gyara. Kamfanin ya auna ruwan a inda ya shigo mana da inda ya bar mu, kuma wannan takarda ita ce hujja mafi ƙarfi da ƙungiya ta taɓa riƙewa, tun da ta nuna abin da muka tarar da abin da muka ƙara. Amma ba su taimaka mana mun kai ta inda za ta yi aiki ba, kamar Hukumar Albarkatun Ruwa da doka mai lamba 522 ta kafa a 1996, ko majalisar gundumar da muke ciki.

Game da kuɗi, mutum ɗaya mai 'yan fangalai ba zai iya ba, amma da aka raba a kan mambobi, rabon kowa bai kai kuɗin da ya rage kashewa a kan taki ba. Wanda ƙasa kawai yake son aunawa yana iya kai samfurinsa da kansa Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso, ya kuma nemi malamin gona na gundumarsa ya fassara masa sakamakon, zai fi masa sauƙi. Abin da ake biya a wurin irin wannan kamfani shi ne haɗa ƙasa da ƙorama da rijiya a lissafi guda, da dawowa a sake aunawa. Ƙungiyar da za ta ɗauke su ta tabbata an rubuta a yarjejeniya cewa za a auna rijiya da rani da kuma tsakiyar damina, za a auna ƙorama a sama da ƙasa, za a faɗi ma'aunin da aka yi amfani da shi, za a kawo rahoto kafin lokacin taki tare da mai bayani da Hausa, kuma a fayyace tun farko ko gwajin maganin feshi yana ciki. Mu mun sabunta tamu a kan waɗannan sharuɗɗa, muka ƙara da cewa za su raka shugabanninmu wurin masu filin domin a nemi rubutaccen izini na 'yan shekaru a kan layin bakin ruwa, kafin a dasa itace ko ɗaya a wurin.